Ƙanina yana kwance a Amurka da wata cuta wai ta ɓera, don Allah wa ya san ta?

Maman Ilham, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ban saba rubutu a nan ba, karatu kawai nake yi in wuce, amma yau abin ya fi ƙarfina.

Ƙanina da ke bi mini yana karatun digiri na uku a jihar Niyu Meksiko, shekara uku ke nan, tare da matarsa da 'yarsu mai shekara biyu. Yau kwanansa huɗu a ɗakin kulawa ta musamman, bai san wanda yake kansa ba. Ranar da aka kwantar da shi matar ta kira ni ana kiran assalatu, tana kuka, abin da kunnena ya iya kamawa kawai shi ne "hanta". Ni kuwa na tafi na gaya wa Hajiyarmu ciwon hanta ne ya kama auta, har ta aika a nemo mata wani mai magani a Tudun Wada. Sai jiya matar ta natsu ta rubuto mini sunan, wai hantabairos, kuma hantarsa lafiyarta ƙalau, huhu ne da zuciya.

Ga yadda abin ya faro. Watanni biyu da suka wuce sun koma wani gida a bayan gari saboda haya ta fi sauƙi. A bayan gidan akwai wani ɗakin ajiya na katako da aka daɗe ba a buɗe ba. Shi kuma tun yana yaro ba ya iya ganin datti ya wuce, sai ya ɗau tsintsiya ya share shi tas don ya zuba kwalayensa. Har hoto ya turo mini, ga kashin ɓera nan birjik kamar an watsa baƙar shinkafa, yana dariya wai ɓerayen Turawa ma ba su da kunya. Bayan kamar mako uku zazzaɓi ya rufe shi, da ciwon cinyoyi da baya, da amai. Ya ce maleriya ce, ya sha maganin da ya tafi da shi daga gida, alhali rabonsa da Najeriya ya fi shekara. Rana ta uku suka je wani ƙaramin asibiti, aka gwada korona babu, aka ce mura ce mai zafi, ya je ya huta. Bai yi musu zancen sharar ba, su ma ba su tambaya ba. Kwana biyu bayan haka tari ya fara da yamma, kafin tsakar dare numfashi ya gagara. Motar asibiti ta ɗauke shi, daga can kuma aka wuce da shi Albuquerque a jirgi mai saukar ungulu.

Yanzu ta ce an jona shi da wata na'ura da ke fitar da jininsa tana mayarwa. Na tambaye ta wane magani ake ba shi, ta ce likita ya ce cutar ba ta da magani. To in ba ta da magani me suke yi masa? Ana tashi kuwa? Ita da yarinyar fa, ɗaki ɗaya suka kwana da shi duk kwanakin zazzaɓin nan, ita ce ma take goge masa amai. Ni na rasa abin da zan gaya wa Hajiya, ga ta da hawan jini. Duk wanda ya san wani abu ya gaya mini gaskiya, ba lallashi nake nema ba.

Abu Safwan, Bauci

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Hajiya, ni ma'aikacin lafiya ne, kuma duk rani muna fama da zazzaɓin Lassa a nan. Abin da kika faɗa ya yi mini kama da ita: ɓera, zazzaɓi, amai, maganin maleriya ya ƙi aiki. Mu maganin ribabirin muke bayarwa, kuma in an fara da wuri ana dacewa. Ki ce wa matar ta tambaye su ko sun sa masa. Sannan a killace ta ita da yarinyar, don Lassa tana bin wanda ya yi jinya, mun rasa abokan aiki ta haka.

Sista Bilki, Kolorado

Maman Ilham sannu, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ni nas ce a ɗakin kulawa ta musamman, jiharmu tana maƙwabtaka da inda ƙaninki yake, kuma na taɓa jinyar mai wannan cuta sau ɗaya. Tunda gaskiya kika ce kina so, ga ta.

Da farko Malam Abu Safwan, ka yi haƙuri, ba Lassa ba ce. Ɓera ne ya haɗa su kawai, amma ƙwayoyin cutar ba dangi ɗaya ba ne. An gwada ribabirin a kan wannan ta huhu a nan Amurka, ba a ga ya rage mutuwa ba. A Chile an gwada maganin rage kumburi mai ƙarfi, shi ma bai fitar da kitse daga wuta ba. Saboda haka kada a ɗaga wa yarinyar nan hankali ta ɗauka an hana mijinta wani magani. Babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana kashe ta, babu kuma allurar rigakafinta a nan.

Amma "babu magani" ba ya nufin an naɗe hannu. Bari in gaya miki abin da cutar take yi, sai ki gane aikin da ake yi masa. Ƙwayar tana zama a bangon ƙananan jijiyoyin jini, musamman na huhu. Jiki ya tashi yaƙi da ita, a garin yaƙin sai jijiyoyin su fara yoyo kamar randar da ta tsage. Ruwan da ke cikin jini ya riƙa tsiyayewa cikin huhu, wurin da iska ya kamata ta zauna. Mutum yana kan gado amma nutsewa yake yi. Jinin da ya rage ya yi kauri, ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ragu ƙwarai, sannan ita kanta zuciyar ta yi laushi ta kasa turawa. Wannan raunin zuciyar shi ya fi kashe mutane, shi ya sa likitoci da yawa suke kiranta cutar zuciya da huhu, ba huhu kaɗai ba. Kuma da gudu take zuwa. Wanda na yi jinya da safe yana hira da mu, kafin la'asar an sa masa bututu a maƙogwaro.

Akwai wani abu da nake so 'yan'uwana ma'aikatan lafiya na gida su lura da shi. Mun saba in mara lafiya ya galabaita jininsa ya sauka, sai a ɗaura ƙarin ruwa leda bayan leda. A wannan cutar hakan ganganci ne, don ruwan da ka zuba a jijiya huhu zai tafi. Ana ba da ruwa da awo, a dogara da magungunan da ke ƙarfafa bugun zuciya, da iskar oksijin, da na'urar numfashi in ta kama.

Na'urar da aka jona shi da ita sunanta ECMO. Ana sa manyan bututu biyu a jijiyoyin matsematsi, ɗaya ya janye jini, na'urar ta cire masa gurɓatacciyar iska ta sa oksijin, ɗayan ya mayar da shi jiki da ƙarfi. Wato tana riƙe wa huhu da zuciya aikinsu har yoyon ya tsaya da kansa. Kuma ki gode wa Allah da inda aka kai shi, don likitocin Jami'ar Niyu Meksiko da ke Albuquerque tun shekarun 1990 suke amfani da ita a kan wannan cuta, da wuya a samu waɗanda suka fi su sanin ta. A rahoton da suka fitar, cikin marasa lafiyar da aka riga aka fid da rai da su aka sa musu na'urar, kusan biyu cikin uku sun rayu.

Ana tashi kuwa? Ana tashi. Ba zan ɓoye miki ba, a Amurka kusan mutum ɗaya cikin uku da suka kamu suna rasuwa. Sai dai yawancin mutuwar tana zuwa ne a kwana ɗaya ko biyun farko bayan huhu ya fara cika. Shi yau kwanansa huɗu. Ban ce ya tsallake ba, na'urar kanta tana da nata haɗarin, zubar jini da gudan jini da matsalar ƙafar da aka sa bututun, amma ya wuce mafi munin wurin. Ki ce wa matarsa ta riƙa tambayar nas yawan fitsarin da yake yi. In yoyon ya tsaya, jiki yakan fara fitar da ruwan nan da yawa ta fitsari, kuma daga nan sauƙi yakan zo da sauri har ya ba mutum mamaki. Waɗanda suka tashi galibi huhunsu yana komawa daidai, sai dai gajiya da haki da kan bi su watanni.

Zancen Hajiya kuwa, ke kika san mahaifiyarku. Ni dai da ni ce, zan gaya mata yana asibiti ana taimaka masa da numfashi, tana iya yi masa addu'a da sanin abin da take roƙo. In ta ji a bakin wani daban ya fi muni.

Maman Ilham, Zariya

Sista Bilki Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Wallahi sau uku na karanta. Na kira ta yanzu, ta ce nas ɗin ta gaya mata fitsarin ya ɗan ƙaru tun daren jiya, ita ba ta san ma abin murna ba ne. Saura zancen ita da yarinyar, shi ne ya hana ni barci.

Ɗan Maraɗi, Kanada

Salamu alaikum. Yaya Maman Ilham, Allah ya ƙara sauƙi. Karatun yaɗuwar cututtuka nake yi, bari in ɗauki wannan ɓangaren tunda Sista ta gama da na jinya.

Irin da ke Amurka ta Arewa ba a san ta da bin mutum daga mutum ba. Fiye da shekara 30 ana bin diddiginta, iyalai sun yi jinya, ma'aikatan asibiti sun taɓa jini da majina, ba a ga ta bi su ba. Don haka amai da ta goge da kwanan ɗaki ɗaya ba su ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne ɓerayen da suka ba shi suna nan a gidan. In ta shiga ɗakin ajiyar ranar sharar, ko yarinyar ta yi wasa a cikin ƙurar, to a sa musu ido. Cutar takan ɓoye mako ɗaya har zuwa takwas kafin ta bayyana. Duk wadda ta yi zazzaɓi cikin wannan lokaci a tafi asibiti a ranar, kuma kalmar farko da za a gaya wa likita ita ce an yi hulɗa da kashin ɓera, ga kuma abin da ya samu maigidan. Wannan jimla ɗaya ita ce ta ɓace a zuwan ƙaninki na farko. Kwanakin farko ba a iya bambanta ta da mura da ido, amma likitan da ya ji zancen ɓera zai ɗebi jini ya duba ƙwayoyin daskarar da jini, su kuwa tun da wuri suke faɗuwa.

Malam Abu Safwan bai yi kuskure gaba ɗaya ba da ya kawo zancen killacewa, don akwai iri ɗaya da ke bin mutane. Sunanta Andes, tana kudancin Ajantina da Chile, wani ɓeran daji mai dogon bindi ne ke ɗauke da ita. An fara gane haka a garin El Bolsón a 1996, inda har likitocin da suka duba marasa lafiya suka kamu. Sannan daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 ta ɓarke a wani ƙaramin gari, Epuyén, a lardin Chubut. Mutum ɗaya mai zazzaɓi ya je bikin zagayowar ranar haihuwa, daga nan ta bi waɗanda suka zauna kusa da shi, ta bi iyalansu, ta bi masu zaman makoki. Mutum 34 suka kamu, 11 suka rasu, sai da hukuma ta tsare mutane a gidajensu kafin ta lafa. Amma wannan can ƙarshen Amurka ta Kudu ne. Ƙaninki bai je can ba.

Tasa sunanta Sin Nombre, da Sifaniyanci ma'anarsa "marar suna". A 1993 aka gano ta, a daidai yankin da yake zaune, inda jihohin Niyu Meksiko da Arizona da Kolorado da Yuta suka haɗa iyaka. Matasa majiya ƙarfi, yawancinsu 'yan ƙabilar Nabaho, suka riƙa mutuwa cikin kwanaki. Na farkon da ya ja hankalin likitoci wani saurayi ne ɗan tsere, wanda ya faɗi a hanyarsa ta zuwa jana'izar budurwarsa, ita ma abin da ya kashe ta ke nan. An samu ruwan sama mai yawa kafin wannan shekarar, 'ya'yan itatuwa suka yi albarka, ɓeraye suka hayayyafa ninkin ba ninkin. Da aka zo raɗa wa ƙwayar suna, duk sunan wurin da aka kawo sai mutanen wurin su ƙi, don ba wanda yake so a laƙaba wa garinsu cuta, ga shi an riga an fara ƙyamar Nabaho a kanta. Ƙarshe aka bar ta marar suna.

Ɓeran da ke ɗauke da ita ƙaramin kusun daji ne mai farin ciki da manyan idanu, shi kansa ba ta yi masa komai. Tana cikin fitsarinsa da kashinsa da yawunsa. In suka bushe aka tayar da ƙura, mutum ya shaƙa, shi ke nan. Ba ta da yawa: daga 1993 zuwa 2022 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum 864, kusan dukansu a yammacin ƙasar, Niyu Meksiko da Kolorado ne a gaba. Kuma ba ruwanta da talaka ko mai kuɗi. A 2012 masu yawon buɗe ido 10 suka kamu a gandun Yosemite na Kalifoniya, 3 suka rasu, ɓeraye ne suka yi sheƙa a cikin bangon tantunan da aka kama musu haya. A Fabrairun 2025 ita ce ta kashe Betsy Arakawa, matar fitaccen ɗan fim Gene Hackman, a gidansu da ke Santa Fe, tafiyar kamar awa ɗaya daga inda ƙaninki yake kwance.

Af, zancen hanta da ya ruɗa Hajiya. Sunan wani kogi ne a Koriya, Hantan. A yaƙin Koriya na farkon shekarun 1950 sojoji fiye da 3,000 suka kamu da wani zazzaɓi mai taɓa ƙoda, sai a shekarun 1970 wani masani ɗan ƙasar, Ho Wang Lee, ya gano ƙwayar a jikin ɓeran gona kusa da kogin. Dangin da ke Asiya da Turai ƙoda suke kamawa, na nahiyar Amurka huhu da zuciya. Ba wadda ta nufi hanta, Hausa ce kawai ta yi karo da Koriyanci.

Abu Safwan, Bauci

Na karɓi gyara, Sista, na kuma ƙaru. Batun ƙarin ruwan nan ya tsaya mini a rai. Hajiya a yi haƙuri da gaggawar da na yi, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Maman Ilham, Zariya

Ba komai Malam, alheri ka nufa. Yanzu wata sabuwa: matar ta ce gobe za ta koma gidan ta share ko'ina ta kwashe kayan ɗakin ajiyar ta zubar, wai ba za ta iya kallonsu ba. Na ce ta dakata in tambaya.

Sista Bilki, Kolorado

Kada ta kuskura ta taɓa tsintsiya, kada kuma ta kunna injin zuƙe ƙura. Abin da ya kwantar da mijinta ke nan. In da hali ma ta bar ɗakin ajiyar a rufe ta kira masu aikin kashe ƙwari da ɓeraye, tunda an san akwai cutar a wurin, kuma ma'aikatar lafiya ta jihar za ta ba ta shawara in ta tambaya.

Na cikin gida in ta ga kashi kaɗan, ga yadda ake yi. A buɗe ƙofa da tagogi a fita, a ba shi minti 30. A sa safar hannu ta roba. A haɗa ruwan bilic, irin su Jik ko Hypo da kuka sani a gida, awo ɗaya a cikin awo tara na ruwa, a fesa har wurin ya jiƙe sharkaf, a bar shi minti biyar. Sannan a kwashe da takardar goge hannu a ƙulle a leda, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Mushen ɓera da sheƙarsa ma haka, a jiƙa tukuna. A wanke safar kafin a cire, a wanke hannu da sabulu. Bayan nan a toshe ramuka, don ɓeran nan ramin da fensir zai shiga ya ishe shi, a ɗana tarko, abinci kuma a zuba a mazubi mai murfi. Yarinyar ta zauna wurin maƙwabta har a gama.

Ke ma Maman Ilham, sitonku na Zariya ba wannan cutar a ciki, amma akwai ɓeran Lassa a ƙasarmu, kuma ta fitsari da kashi ita ma take bi. Yayyafa ruwan bilic kafin shara ba zai ci miki komai ba.

Maman Ilham, Zariya

'Yan'uwa ku yi haƙuri da shiruna na kwana shida. Alhamdu lillahi. An cire shi daga na'urar jinin ranar Talata, ranar Alhamis aka zare bututun maƙogwaro. Fitsarin da Sista ta faɗa kuwa, matar ta ce har ta gaji da ƙirga ledojin da ake canzawa. Jiya na gan shi ta bidiyo, ya rame kamar ba shi ba, muryar a dishe, in ya yi jimla biyu sai ya tsaya ya huta. Ƙafar dama da aka sa bututun tana masa ciwo, an fara koya masa takawa da abin dogarawa. Likita ya ce kada ya sa ran komawa karatu wannan zangon.

Na gaya wa Hajiya tun ranar da Sista ta ba ni shawara. Ta yi shiru, ta ce dama jikinta ya ba ta ba hanta ba ce, ta tashi ta yi alwala. Mai maganin Tudun Wada dai ya riga ya ci kuɗinsa.

Matar da yarinyar lafiya lau zuwa yanzu, muna ƙirga makonni, saura biyu su cika takwas daga ranar sharar. Ba ta koma gidan ba, suna wurin wasu 'yan Ghana da suke masallaci ɗaya, kuma ta ce ko an kashe ɓerayen duniya ba za ta sake kwana a can ba. Shi kuwa da aka tambaye shi me yake so, cewa ya yi kunun tsamiya. Sista Bilki, ko kin san inda ake samun tsamiya da gero a wajajen nan, ko in nemi mai tafiya in aika?